Tunkuyin Bijimin Malam Hammadu

"Wato sai a bakin 'yan talla zan ji kana asibiti?" Khaulat ta tsaya a zauren gidansu, idonta jawur. "Fatihu, dube ni mana..."

Ya kasa. Ƙasa kawai yake kallo.

Abin ya samo asali ne ranar da ya kai gayyar abokansa gonar mahaifinta, Malam Hammadu, can bakin kanal a Kadawa. Bijimin huɗa ya fizge, ya sa masa goshi a ƙirji, ya haɗa shi da bangon kwalbati. Duniya ta yi masa duhu. To amma wane saurayi ne zai ce wayyo a gaban suruki? Ya miƙe, ya kakkaɓe riga, har da 'yar dariya, ya koma kan garma. Tunda ba jini ba karaya, kowa ya ce namijin duniya.

A gida ya dinga gashi da ruwan zafi a ɓoye. Sai numfashi ya fara gagararsa, zuciya na tsalle kamar injin ban-ruwan da ya shaƙi iska. Ranar da ya yanke jiki a kasuwar Bunkure aka kwashe shi sai Kano. Likita ya ce dukan ya ƙuje naman zuciyar, jini ya taru kewaye da ita, kuma ɓoyewar ta fi tunkuyin ɓarna. An zuƙe jinin, amma shi da garma sai dai kallo.

"Sanyin idona, ki yafe ni," Fatihu ya faɗa da ƙyar. "Manomin da ba ya noma, da me zai riƙe ki? Janyewa na zo yi."

Tari suka ji daga ciki. Malam Hammadu, wanda bai taɓa ratsa zauren nan ana zance ba, ya shigo kansa a sunkuye.

Ya ce ai ranar gayyar ya ga Fatihu a bayan darbejiya, dafe da ƙirji. Nauyin kunyata shi a gaban abokansa ne ya sa ya kau da kai, kuma tun daga ranar barcinsa bai cika ba.

"Ni ba ɗan ƙwadago nake nema wa 'yata ba, yaro. Ka turo manyanka."

Ya fice da sauri, kamar shi ne saurayin.

Khaulat ta share hawaye da gefen mayafi.

"To ka ji. Janye mu gani."