Na'urar da Ta Gane Hannun Marigayiya

A wani gari mai nisa, an yi wani mai rubuta manhajar kwamfuta da basirarsa ta ƙafe. Da aka sa gasar rubuta manhaja, sai ya ɗauko aikin ƙanwarsa marigayiya. Ya goge sunanta, ya sauya nan, ya sauya can, yana cewa a ransa, "Wa zai gane?"

Ashe alƙalan gasar suna da na'urar da ta karanci dubban manhajoji, har da na ƙanwar, ta koyi hannun kowa. Tana karanta aikin, ta fito da sunan marigayiya.

Ya koma gida kai a sunkuye. Mahaifiyarsa ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce, "Ɗana, ƙasa ta rufe ta sau ɗaya. Kai kuma ka so ka sake rufe ta."