Safiyar Da Sikalof Suka Rufe Baki

Ranar da Ewan ya fara ganin Tamsin, yana durƙushe ne a gefen jirgin ruwan babanta yana sheƙa amai.

Aiki ne ya kawo shi Triabunna, wani ƙaramin garin masunta a bakin teku. An turo shi ya lura da yadda sikalof, wasu ƙananan halittun ruwa masu ɓawo biyu da ake ci, ke buɗe ɓawonsu suna rufewa a can ƙasan teku, a yankin da aka hana kamu don su farfaɗo. Akan manna wa kowanne 'yar na'ura kamar ƙwayar wake, waya ta kai labari ga wata ganga mai iyo, ita kuma ta aika wa kwamfutarsa. Sai dai Ewan yana da asma, likita ya hana shi nutso. Shi ya sa aka ɗauki Tamsin Dillon ta riƙa sauka, babanta Merv yana sama yana riƙe da jirgi da tiyon iskarta.

Tana fitowa daga ruwa ta zare gilashin fuskarta, ta dube shi, ta yi ta ƙoƙarin danne dariya. Ta miƙa masa biskit ɗin citta, ta ce daga gani shi ɗan tudu ne. Ya ɗago da niyyar kare kansa, suka haɗa ido, ya manta abin da zai ce.

Daga ranar ya tare a ɗan ofishin bakin tashar jiragen, kullum da sassafe ya tura mata saƙo.

"Barka da safiya, 'Yar Ruwa. Mutanenki sun kwana baki a wangale, ban da lamba bakwai da ke ta fushi. Ki duba min ita, ki kuma kula min da kanki."

Da rana amsa ta zo. "Kaguwa ce ta dame ta, na kore ta. Kai fa, Ɗan Tudu, ka ci abinci ko zane-zanen kwamfuta ka ci?"

Kafin sanyi ya wuce, Noreen, mahaifiyarta, ta fara ware masa nasa kason duk ranar da ta gasa burodi mai cikin sikalof da garin kori. Merv ne dai bai sake ba. Ba ya zagi, ba ya faɗa, amma ko sunan Ewan ba ya kira, sai dai "mai gadin kwamfuta". Wata rana a kan teburin abinci ya faɗa a gaban kowa cewa shi ba zai ba da 'yarsa ga wanda in ta maƙale a ƙasan ruwa sai dai ya tsaya yana kallo ba. Ƙanensa a ruwa ya rasu, kowa a garin ya sani. Wanda Merv ke so shi ne Brodie, ɗan maƙwabtansu, gwanin nutso mai jirgin kansa.

Brodie ne kuwa ya tare Ewan a shagon burodi, ya shaida masa cikin fara'a cewa da zarar an gama wannan aiki Tamsin za ta koma jirginsa su nufi gaɓar yamma, an riga an gama magana da Merv. Ewan ya yi masa murna da baki, ya fito ko burodin bai ɗauka ba.

Saƙonninsa suka koma na aiki zalla.

"Na yi maka laifi ne?" ta rubuto.

"Babu komai. Aiki ne ya yi yawa."

Ba ta sake tambaya ba, shi ma bai ƙara ba, kowa ya riƙe nasa ciwon.

Ana haka, wata safiya hazo ya sauka har ba ka ganin ƙarshen tasha. Ewan yana zaune da shayinsa, ya san Tamsin tana ƙasa tana sauya batura. Sai ya ga a kwamfuta sikalof na can ƙarshen layin kudu sun rufe baki gaba ɗaya. Ya ɗauka ko kifi ne ya gifta. Na kusa da su suka rufe, sannan na gaba, na farkon kuwa labarinsu ya yanke ƙaf kamar an tsinke waya. Wani abu ne mai nauyi yake tafe a ƙasan teku yana share komai, kuma inda take ya dosa.

Nan take ya kira Merv a waya. Dattijon ya ɗauka da ƙyar, ya ce suna aiki.

"Mista Dillon, fito da ita yanzu. Wani yana jan kejin kwasar sikalof ta kudu, ya nufo ku."

"Ni ban ga kowa ba, yaro."

"Ba za ka gan shi ba sai ya iso. In ƙarya nake, kar ka sake bari na tako gidanka. Fito da ita."

Ya ji wayar ta faɗi a kan katako. Ya ji Merv yana nishi yana jan tiyo, ya ji odar jirgi tana ta kuka, ya ji rurin wani inji daban yana ƙaruwa. Daga nan babu abin da yake ji sai ruwa yana dukan jirgi. Ewan ya yi ta kiran sunanta a wayar da babu mai saurare, ƙirjinsa ya fara shaƙewa.

Can sai muryarta, tana haki. "Ɗan Tudu? Ina nan. Na fito."

Ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa.

Wani jirgi ne ya fake da hazo ya shiga wurin da aka hana. Kejinsa ya bi ta daidai inda take durƙushe, ya kwashe jakar kayan aikinta. Da suka iso tasha Ewan yana tsaye a bakin ruwa, numfashinsa na fita da ƙyar. Ita ce ma ta laluba aljihunsa ta ciro masa abin shaƙarsa na asma, ta ce ita ta kusa mutuwa amma shi ake jinya. Ya yi dariya, hawaye na zuba, ya ce ko ta tafi yamma da Brodie, shi dai ya gode da ya gan ta a tsaye.

Ta ja baya ta dube shi. Ashe Brodie ya nemi ta bi shi, Merv ya amsa, ita kuwa tun a ranar ta ce a'a.

"Da ka tambaye ni mana," ta ce a hankali. "Wata guda ina zaton ka gaji da ni."

Merv ya ɗaure jirginsa ya wuce gida. Washegari ya shigo ofishin, ya cire hula, ya daɗe yana kallon zanen da ke hawa yana sauka a kan kwamfuta, ya sa aka nuna masa yadda ake gane buɗewa da rufewa. Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa.

"Noreen ta ce ka zo cin abinci, Ewan. Ni ma na ce."

An ɗaura auren da bazara a 'yar cocin da ke kan tudu, aka gangaro zauren gari aka ci aka sha. Brodie ma ya zo, ya kawo kwandon jatan lande, ya ba Ewan hannu yana sunkuyar da kai. Da aka ce uban amarya ya yi jawabi, Merv ya miƙe, ya buɗe baki, murya ta ƙi fita. Noreen ta tashi ta riƙe hannunsa, ita ta yi maganar.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu albarka. Duk wanda ya fita da safe a cikinku, Allah ya dawo da shi gida."

Zauren ya amsa da amin, Tamsin ta matse hannun mijinta a ƙarƙashin tebur.