Wanda Ya Yi Feshi Ranar Biki

Ranar Litinin da hantsi Doña Herminia Argueta ta shigo caji ofis na garin Santa Rita, ta dire damin ciyawa a kan teburin Insfekta Odilón Benítez, daf da kofin gahawarsa.

"An kashe mini gona, Insfekta."

Insfekta ya dubi ciyawar, ta yi rawaya ta langaɓe. Shekararsa goma sha tara a wannan aiki, an kawo masa ƙarar satar alade, an kawo masa ta sara da adda, amma ba a taɓa ajiye masa gawar ciyawa ba. Bai yi dariya ba, domin shi ma a gonar gahawa aka raine shi.

"Maganin feshi ne?"

"Shi ne. Rabin gonar. Kuma ranar Juma'a baƙon da ke duba gonaki zai iso."

A nan kan duwatsu ko ɗan sanda ya san nauyin wannan magana. Ƙungiyar manoman garin, gida sittin da biyu, da takardar shaida ɗaya suke cin abinci, wadda ta ce gahawarsu ba ta san takin zamani ko maganin feshi ba. Gona ba ta shiga takardar sai ta yi shekara uku cur ba a ɗiga mata komai ba. Wannan gonar Herminia ta gaje ta ne daga ƙanenta, wanda ya shayar da ita magani har ya mutu. Shekara uku ke nan tsohuwar tana bin ciyawarta da adda da hannu, kuma a wannan watan wa'adin ke cika.

Abin bai tsaya nan ba. Ita ce ƙungiya ta naɗa ta riƙa zagaya gonakin 'yan uwanta tana rubuta abin da ta gani kafin baƙo ya zo. In aka ce da hannunta ta yi feshi, korarta za a yi, kuma duk gonar da ta taɓa sa wa hannu sai an yi shakkar ta.

"Me ya hana ki sare ciyawar ki yi gum?" Insfekta ya tambaya, yana kallon idonta.

"Kai ne na huɗu da ya ba ni wannan shawarar yau. Ni da nake rubuta laifin wasu, ni zan ɓoye abin da ke gonata? Tashi mu je, ɗana, gahawar nan ta riga ta huce."

Shekararta saba'in da ɗaya, amma a hawan tudu sai da ta tsaya sau biyu tana jiran Insfekta da tumbinsa. Kofur Lastenia, wadda ta tuƙo su, ta yi ta kallon gefe don kada maigidanta ya ga tana murmushi.

Gonar ta rabu biyu. Gefe guda kore shar, gefe guda ciyawar da ke ƙarƙashin itatuwan gahawa ta ƙone ƙurmus. Herminia ta ce tun Laraba, ranar bikin waliyyin garin, ba ta hawo ba sai yau.

Insfekta ya bi ƙunar har gangare. Kafin rafi sai ta tsaya cak, a miƙe kamar an ja igiya. Ya auna daga nan zuwa bakin ruwa, taku goma. Ya matsa gaba ya sake aunawa, taku goma.

"Wa ke barin taku goma a bakin ruwa?"

"Mu. Dokarmu ce. Ko ruwan takin da muke haɗawa da kanmu ba ma zuba shi kusa da rafi."

A ƙarƙashin wata bishiyar lemo akwai amya huɗu na kututture, na ƙananan zumar nan marasa harbi. Uku suna ta shige da fice. Ta huɗu shiru, an toshe bakinta da ganyen ayaba da aka naɗe da kyau. Herminia ta zare ganyen da sauri, zumar suka ɓarke waje.

"Ba ni na toshe ba," in ji ta.

"Na sani. Wanda ya yi feshin ya toshe duka huɗun don kada su mutu. Da ya gama ya buɗe uku, ya manta ɗaya."

Daga nan suka tsallaka gidan Rufino Claros, maƙwabcinta na gabas. Shi ba ɗan ƙungiya ba ne, masara da shanu yake yi, kuma ya sha faɗa a kasuwa cewa masu cire ciyawa da hannu ba su da aikin yi. Ƙato ne, in zai shiga ɗakinsa sai ya sunkuya.

"Kana da famfon feshi na goyo, Don Rufino?"

"Ina da shi, yallaɓai, amma wata uku ban taɓa shi ba. Yana rumbu, gizo-gizo ma ya yi gida a kai."

"Mu gaisa da gizo-gizon."

Famfon na rataye a ƙusa, bakinsa ƙasa, an wanke shi tas ciki da waje. Matar Rufino ta leƙo daga kicin da ƙullun masara a hannu.

"Ai ranar Alhamis muka gan shi haka. Na ce ko mutumin nan ya tuba ne a wurin biki. Shekara ashirin ban ga ya wanke ko cokali ba."

"Ke wa ya kira ki?" Rufino ya harare ta. Sannan ya sauke murya. "Gaskiya, yallaɓai, rabin galan na magani ya ɓace. Na ji tsoro ne. Kowa ya san ba na shiri da 'yan ƙungiya, ni za a fara nunawa."

"Goya shi mu gani."

Rufino ya zura hannu ɗaya, igiyar ta maƙale a damtsensa. An rage tsawonta sosai, daidai kafaɗar ƙaramin mutum. Insfekta ya ce wa kofur ta saka famfon a mota.

A hanyar dawowa ya tambayi Herminia, "Bana gonar wa kika kayar?"



"Mutum ɗaya ne. Eleuterio Chicas, wanda gonarsa ke sama da tawa. Kompadre na ne, ni kuma komadre tasa, don shi ya riƙe mini ɗana ranar baftisma. Ɗansa ya dawo daga birni, ya ga itatuwan kusurwa sun rame, ya zuba musu takin zamani uban bai sani ba. Na ga ƙwayoyin takin a gindin itace. Eleuterio, wanda muke kira Telo, ya biyo ni har gida yana roƙo. Na ba shi gahawa da burodi, na kuma rubuta."

"Sai aka mayar da shi baya shekara uku."

"Mutumin da da shi aka kafa ƙungiyar. Amma cire shi daga ranka, Insfekta. Shi ya koya mana taku goman nan. Amyoyin ma shi ya ba ni."

Insfekta ya waiwayo ya dube ta. Sai a lokacin ta ji abin da bakinta ya faɗa, ta juya ta dubi famfon da ke cikin motar.

Talata ya yi ta yawo a gari yana shan gahawa gida-gida, wanda mutanen Santa Rita suka san shi ne rabin bincikensa. Ya gano cewa cikin mutum takwas da suka saba ɗaukar mutum-mutumin waliyyi a kafaɗa, bana an nemi Eleuterio an rasa, sai wani aka sa a gurbinsa.

Laraba da safe suka hau gonar Eleuterio, Herminia na biye da su, don ta ce ba za a je wa kompadrenta a bayan idonta ba. Suka same shi yana juya takin ɓawon gahawa. Ɗan ƙaramin dattijo ne mai tsabta, gonarsa kuwa ko maƙiyinsa ya gan ta sai ya yaba. Ƙasan itatuwa duk ya shimfiɗa wata ciyawa mai yaɗo, kore lif, wadda ke riƙe danshi.

"Ina kake ranar biki, Don Eleuterio?"

"Ina coci, yallaɓai, kamar kowa."

"Ba ka ɗauki waliyyi ba."

"Kafaɗa ke damuna. A baya na tsaya."

"Ka shiga gonar Doña Herminia kwanan nan?"

"Rabona da ita tun ranar da ta rubuta ni."

"To zo ka raka ni iyaka."

Insfekta tun shigowarsa ya hango abin. Daga shingen da ya raba gonakin biyu, a kan koren shimfiɗar nan, ga tabo mai rawaya, ga wani a gabansa, hagu da dama, hagu da dama. Kowane tabo siffar tafin takalmin roba. Sun fi ashirin, suna dusashewa a hankali, sun nufi ƙofar gidan Eleuterio.

"Ranar Litinin ban hawo nan ba, amma ko na hawo mai yiwuwa ba su gama nuna ba," in ji Insfekta. "Maganin nan a hankali yake ci. Rufino da duk masu feshi sun san yana bin tafin takalmi, ba sa taka shukarsu sai sun wanke ƙafa. Kai ka kare ruwa, ka kare zuma, ka wanke wa mutum famfonsa fiye da yadda ya taɓa wanke shi. Amma ba ka san wannan ba, don ba ka taɓa riƙe maganin ba a rayuwarka. Sa ƙafarka a nan."

Eleuterio bai sa ba. Ya tsuguna ya shafa ciyawar da ta mutu, kuma a fuskarsa an ga ita ce ta fara ba shi ciwo kafin kamun.

"Ni ne," ya ce. "Shekara ashirin da biyu, komadre, ban taɓa cuta ba. Laifin yaro ne, kin sani, kika sa sunana a gaban taro. Na ce bari in ga ranar da abin ya faɗo gonarki, ko za ki rubuta kanki. Na rantse sarewa za ki yi ki ɓoye, ni kuma in san ba ki fi ni ba."

"Da ka tambaye ni, Telo, da na faɗa maka, ba sai ka wahalar da kafaɗarka ba."

Ya rufe fuska da hularsa. Kofur Lastenia ta ciro ankwa, Insfekta ya girgiza mata kai. Ya juya ga Herminia, cikin girmamawar da bai cika yi wa kowa ba.

"Gobe rahotona zai kasance a hannun ƙungiya, da sa hannunsa. Baƙo zai karanta cewa ba ke ba ce, kuma ke kika kawo ƙara. Sunanki ya fita. Amma gonar, Doña, ba ni da iko a kanta."

"Na fi ka sanin dokar. Wannan rabin ya koma farko."

Kofur ta kama hannun Eleuterio suka fara gangara. Herminia ta kira shi.

"Kompadre, zan riƙa leƙo gonarka, kada yaron nan ya sake yi maka gwaninta. Amma faɗa wa Insfekta da kyau, wace rana ka yi feshin?"

"Laraba, komadre. Da safe."

"To ka rubuta Laraba, Insfekta, kada ka rubuta Litinin da na kawo ƙara. Daga ranar feshi ake ƙirga shekara ukun. A shekaruna, kwana biyar ba abin da zan bar wa kowa ba ne."

Insfekta ya zaro biro ya rubuta ranar a gabanta, ya nuna mata. Ta karanta a hankali, ta gyaɗa kai, sannan ta saɓa addarta ta tsallaka shinge zuwa gonarta.