Foldar da Kamilu Ya Goge

Ranar kasuwar Ajingi Kamilu ya fara ganinta, kuma ba a irin halin da saurayi ke son a fara ganinsa ba. Yana tsugune a rumfar mai cajin waya, kwamfuta a cinya, gumi ya jiƙa masa riga, yana ta yi wa allon tsaki. Sai ya ji murya a bayansa.

"Malam, akwai waƙafin da ka manta a layi na tara."

Ya waiga. Doguwar budurwa ce cikin mayafi ruwan zuma, ta zo karɓar wayarta. Ya duba layi na tara na shirin kwamfutar da yake rubutawa, ya ga gaskiyarta. Awa biyu yana neman abin da ta gani a tsaye! Ya so ƙasa ta tsage ya shige, amma duk da haka bakinsa bai fasa tambayar sunanta ba.

Zulfa ce, 'yar Malam Bubayero shugaban ƙungiyar makiyayan yankin. Ta yi difloma a kwamfuta a Kano, ta dawo gida tana riƙe wa ƙungiyar lambobin wayar mambobi. Shi kuwa Kamilu ɗan manomi ne daga Kademi, sakandare kawai ya gama. Duk abin da ya iya a waya ya tsince shi, bidiyo bayan bidiyo. Yaro ne mai ƙwaƙwalwa, sai dai rashin takardar babbar makaranta ya zame masa ƙaya a tafin ƙafa, ko'ina ya taka sai ya ji ta.

Ba a yi wata biyu ba saƙonni suka kankama.

"Hasken Ajingi, yau ma na yi kuskure a layi na tara. Ki zo ki duba mini."

"Ɗan Kademi, da gangan kake yi. Allah ya shirye ka. Ka ci abinci kuwa?"

Da magana ta kai kunnen Malam Bubayero, sai ya girgiza kai. Shi ransa ya fi kwanciya da Abdulmuttalib, ɗan ƙanwarsa mai digiri, wanda ba ya gama jimla bai ambaci jami'a ba. Amma dattijon ba mai tilas ba ne. Ya sa aka kira Kamilu zaure.

"Yaro, manomi rumbu yake nunawa, makiyayi garke. Kai me za ka nuna mini?"

Zulfa ce daga bayan ƙofa ta tuna wa mahaifinta matsalarsu. Likitan dabbobi zai zo daga Gaya yin allurar rigakafi, amma ba ya tabbatar da zuwansa sai ana gobe, makiyaya kuwa saba'in ne warwatse a rugage. Kamilu ya ce zai haɗa abin da zai tura wa kowa saƙo da asubar ranar, kafin a kora shanu kiwo.

Ɗan ƙaramin shiri ne za a ɗora a injinan wani kamfani ta intanet, abin da samari ke kira cloud. Ba sai ka mallaki inji naka ba. Shirin yana kwance, lokaci ya yi ya farka, ya yi aikinsa, ya koma barci. Zulfa ta yi wa mahaifinta bayani yadda zai gane.

"Baffa, kamar ɗakin haya ne a birni. Za su ba ka ɗaki da wuta, amma tabarma da buta kai za ka zo da abinka. Duk abin da shirin ke buƙata sai an ƙunshe shi tare da shi."

Abin da shirin ke buƙata kuwa laburare ne, wato guntayen shirye-shiryen da wasu masana suka rubuta suka saki kyauta kowa ya ɗauka: wannan na tura saƙo, wancan na karanta jerin lambobi. Kowane mai wannan sana'a da su yake aiki, babu abin kunya a ciki. Amma da dattijon ya tambaya, "Kai ka ƙera shi duka?" sai ƙayar nan ta motsa.

"Ni na rubuta, Baffa, daga farko har ƙarshe."

Abdulmuttalib da ke gefe ya yi murmushin mugunta. "Madalla. Sai ka turo mini ƙunshin in gani, injiniya."

Ranar Laraba da la'asar Kamilu ya buɗe ƙunshin ya zuba masa ido. Nasa rubutun layi tamanin ne kacal. Kusa da shi ga folda shaƙe da dubban fayiloli, kowanne da sunan mai shi. Ya hango Abdulmuttalib yana karanto sunayen nan a zaure ɗaya bayan ɗaya. Sai ya goge foldar. Ya gwada a kwamfutarsa, abu ya yi aiki sumul, don laburaren dama suna zaune a cikinta. Ya ɗora, ya tura wa Abdulmuttalib kwafi. Zuciyarsa ta ce ya gwada a can inda ya ɗora, ya ce mata ta yi masa shiru.

Asubar Alhamis shirin ya farka a ɗakin da babu ko tabarma. Ya nemi laburaren tura saƙo bai gani ba, ya faɗi nan take. Kamilu ya ga bayanin kuskuren a allonsa. Da ya kira Zulfa a lokacin, da an ceto rabin aikin. Maimakon haka ya kashe wayarsa. Haka kunya take, ta sa ka yi ɓarnar farko, sannan ta sa ka ƙara ta biyu.

Kafin Zulfa ta gane ta fara kiran mutane ɗaya-ɗaya, shanu sun yi nisa a daji. Garke huɗu kawai suka zo. Malam Bubayero ya tsaya ƙarƙashin tsamiya cikin babbar rigarsa yana ba likita haƙuri har azahar, ƙanƙarar da ke riƙe da maganin ta narke, likita ya hau babur ya koma Gaya.

Kwana uku Kamilu yana gona yana noman da ba a sa shi ba. Zulfa ta yi kuka, ta ɗauka gudunta ya yi. Da ya kunna waya, saƙo ɗaya ya tarar.

"Kamilu, ƙunshin da ka nuna mini ran Litinin megabait goma sha ɗaya ne. Wanda ka ɗora kilobait huɗu. Wannan ba mantuwa ba ce. Baffa ya ɗora laifin a kan netwok, ya ce ba komai, kuma Yaya Abdulmuttalib ko buɗe abin da ka tura masa bai yi ba. In ka yi shiru, ba wanda zai sani sai ni. Amma ni ce zan zauna da kai."

Ya karanta ya fi sau goma. Ga ƙofa a buɗe, netwok ya ɗauke masa laifi, aure ma ƙila ya yiwu a haka. Sai dai ba ta kira shi Ɗan Kademi ba, kuma wannan ya fi komai yi masa ciwo.

Washegari ya durƙusa a zauren, Abdulmuttalib na zaune.

"Baffa, ba netwok ba ne. Ni ne. Ƙarya na yi maka. Layi tamanin ne nawa, sauran duk aikin wasu ne na ara. Na cire nasu don kada a gani, shi ya sa ka wuni a rana."

Abdulmuttalib ya buɗe baki, dattijon ya ɗaga masa hannu. Ya dubi Kamilu.

"Sun hana a ɗauka ne?"

"A'a, Baffa. Kyauta suka bayar. Sunansu kawai suka ce a bari a jiki."

"Shi ne ka goge." Ya yi ajiyar zuciya. "Shekarar da ciwo ya share garken mahaifina, wani bawan Allah a Balan, Barau, ya ba ni karsana aro har ta haihu uku na mayar masa. Duk saniyar da ka gani a bayan gidan nan jikarta ce. Ya rasu shekara ashirin, ban taɓa sallah na manta da shi ba. Yaro, aron bai dame ni ba. Wanda zai goge sunan mai ba shi aro, shi nake tsoron ba wa 'yata."

Hawaye suka zubo wa Kamilu. Ya yunƙura zai tashi, don ya ɗauka an gama.

"Ina za ka? Ka zo da ƙafarka ka faɗa, alhali na riga na wanke ka. Koma ka gyara. Kuma ka rubuto mini sunayen mutanen nan a takarda."

Shi da Zulfa suka sake ƙunshin a ƙofar gida, mahaifiyarta Dada na leƙowa. Suka jera kowane laburare da lambar fitowarsa, suka zuba su cikin foldar, suka ɗora, suka gwada da lambobi uku. Wayar Dada ce ta fara ƙara.

"Yanzu ka zama mutum, Ɗan Kademi," in ji Zulfa a hankali.

Da likita ya dawo bayan sati biyu, sai da ƙura ta rufe tsamiyar don yawan shanu.

Bayan kaka aka ɗaura aure a Ajingi. An shafa fatiha, ana shirin raba goro, sai Malam Bubayero ya zaro takarda daga aljihu ya miƙa wa liman.

"Malam, a ƙara da waɗannan. Ban san su ba, ban san garinsu ba, amma sun ba surukina aro. A roƙa musu alheri."

Liman ya gyara tabarau, ya yi ta fama da sunayen da harshensa bai saba da su ba, yara na dariya, manya na amsawa da amin. Kamilu ya sunkuyar da kai, ya ɗaga tafukansa sama da na kowa. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, ya saka wa duk wanda ya taɓa ba mu aro da alheri.