Kiran Da Abla Wafiyya Ta Tsinta

Ana kiran sallar magariba tsakuwar farko ta faɗa cikin tukunyar miyar lalo. Abla Wafiyya, wato Malama Wafiyya a bakin mutanen Masar, tana tsaye a kicin, ludayi a hannu, fensir maƙale a kunne, tana ta juya wata jimla da ta ƙi zama tun safe. Ta sa ludayin ta tsamo tsakuwar. Baƙa ce, sumul, irin ta bakin teku. Ta leƙa manwar, ramin iskan nan da ya ratsa tsakiyar benen tun daga ƙasa har sama, inda tagogin kicin na gidaje goma sha biyu ke kallon juna. Babu kowa, sai igiyoyin shanya da duhun da ya fara taruwa a ƙasa. Ta zubar da miyar, ta soya ƙwai.

Mijinta Usta Ramzi, wanda ya yi shekara talatin yana gyaran taragon da ke ɗaukar fasinja a cikin birnin Iskandariyya kafin ya ajiye aiki, ya ce aikin 'ya'yan hawa na biyar ne, gobe zai hau ya wanke ubansu tas. Bai hau ba, gwiwa ta hana. Washegari tsakuwa uku suka faɗo, ranar da ta biyo baya bakwai, kuma tagar a rufe take.

Littattafan yara Wafiyya take rubutawa, shekara ashirin da shida ke nan. Duk wanda ya ce wannan aikin wasa ne, a miƙa masa ɗan shekara huɗu ya riƙe hankalinsa na minti uku a gani. Daga sallar asuba take zama a teburin cin abinci da littafin rubutu irin na 'yan firamare, ba ta tashi sai mai burodi ya wuce. Shafi ɗaya ba ya wuce kalma goma sha biyar. Takan yi mako tana kokawa da kalma guda, ta cire, ta mayar, ta sake cirewa. Idan ta gama sai ta karanta wa Usta Ramzi da ƙarfi, ta sa alama a daidai inda ya fara gyangyaɗi. Sauran ranar kuma faɗa ne da mai zana mata hotunan littattafan, wanda kullum kyanwarsa ke fitowa kamar ɓera mai ciki. Da azahar takan zauna a tashar tarago kusa da makarantar unguwa, da ɗan littafi a jaka, tana tsintar abin da ya faɗo daga bakin yara, ta rubuta rana da wuri a gefe.

Littafi talatin da ɗaya ta fitar. Talatin daga ciki iyaye suka saya, yara suka yaga. Guda ɗaya ne ya rayu, labarin wani ɗan akuya da ya makara a waje, kuma ba labarin ne ya raya shi ba. Wasu layuka uku ne a shafin ƙarshe, inda uwar ke kiransa:

Rana ta tafi, ɗan ƙaramina,
bar tsakuwa, bar ruwa,
bi muryata, ga ƙofa.

Yara suka ɗauke su. Ana tsallen igiya da su, ana raino da su, iyaye mata na kiran 'ya'yansu da su daga baranda. Wani ɗan'uwan Usta Ramzi ya ce ya ji ana rera su har a Aswan, can kudancin Masar. Abin da Wafiyya ba ta faɗa wa kowa ba shi ne, ita kalmomi kawai ta buga, amma ko'ina da karin murya iri ɗaya ake rera su, kuma ta san inda ta taɓa jin karin.

A rana ta tara abin ya koma kan 'yarsu tilo, Shuruk. Shekararta ashirin da biyu, tana aiki a kantin magani, yarinya mai surutu da cin tsire-tsiren hanya. Ta dawo daga aiki, ta ajiye jaka, ta wuce kicin da takalminta, ta buɗe tagar manwar ta tsaya. Da liman ya tayar da salla sai ta fara rera layukan nan uku, da wata murya mai kauri, dusasshiya, ta macen da ta daɗe tana kira. Ta yi ta maimaitawa har aka kira isha'i, sannan ta zame ƙasa ta yi barci a kan siminti.

Haka kowace yamma. Da rana tana zaune inda aka zaunar da ita, idonta a buɗe, ba ta cin komai sai an ɗura mata. Likita biyu suka duba ta, ɗaya ya ce gajiya ce, ɗayan ya rubuta ƙwayoyin da ita kanta ta fi shi sanin sunansu. Maƙwabta suka daina shanya a manwar. Usta Ramzi yana kuka a banɗaki, yana sakin famfo don kada a ji. Wafiyya kuwa ba ta yi kuka ba. Tana share tsakuwa ta zuba a bokiti, tana wanke 'yarta, tana tashi da asuba ta zauna gaban littafin rubutu. Ji take kamar an yi mata allurar likitan haƙori a jiki gaba ɗaya: ta san ana taɓa ta, amma zafin bai iso ba.

Shehi Hindawi, malamin ruƙiyyar da aka kira, ya zo a rana ta goma sha shida, da la'asar sakaliya. Tsoho ne ɗan siriri, ya hawo benen yana hutawa a kowane hawa yana tsine wa wanda ya gina shi. Ya nemi shayi ba sukari, ya sa aka kashe rediyo, aka lulluɓe Shuruk da mayafi a kan kujerar falo. Ya zauna nesa kaɗan da ita ya fara karatu, Fatiha, Ayatul Kursiyyu, Falaƙi da Nasi, a hankali, ba ɗaga murya. Hasken taga yana ja yana komawa toka. Da ya kai zagaye na uku, yatsun ƙafar yarinyar suka lanƙwashe.

"Ya isa, Maulana," in ji muryar. "Ni ma ina salla. Ba sai ka ƙona ni ba."

Shehi ya tambaye ta sunanta, ta ƙi faɗa. Ta ce a ƙasan manwar take zaune tun wurin yana fili, kafin a zuba tubalin farko, kuma ba ta taɓa fasa wa kowa ko kofi ba. Ya ce to ai ta san zalunci haramun ne, a kan mutum da aljan, me yarinyar nan ta yi mata?

"Ba ta yi mini komai ba. Ka tambayi uwarta abin da ta ɗauka."

Shehi ya juyo. Wafiyya ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wani tsohon ɗan littafin jaka, ta buɗe ta miƙa masa. Layukan uku ne da fensir, a gefe an rubuta: Talata, magariba, manwar, ban ga mai yi ba. Ta ce tana yanka albasa ta ji, ta ɗauka matar mai gadi ce. Ta ce aikinta ke nan, tana tsinta.

"Tana tsinta," muryar ta maimaita. "Kin ji ta, kamar wadda ta tsinci maɓalli a hanya. Da wannan nake kiran ɗana. Uwata da shi ta kira ni. Yaro ne, yana fita bakin teku wasa, in rana ta faɗi na rera, ya biyo muryata ya dawo. Yanzu in rana ta faɗi gida dubu ne ke rerawa. Ya bi wannan, ya isa ƙofa ya tarar ba ni ba ce, ya ji wani a gaba ya bi. Wata bakwai rabona da shi. Wani ya ce ya gan shi a garin Tanta, a bayan wata makarantar raino, yana kuka."

A waje tarago ya wuce, tagogi suka ɗan girgiza.

Ta ce ba ta zo da mugunta ba. Muryarta ce ta dushe, sai ta ari maƙogwaron yarinyar, kuma za ta riƙe shi har ɗanta ya dawo, ko shekara nawa ne. Shehi ya ce jikin ba zai kai wata guda ba. Ta ce ta sani, ita ma nata bai ci komai ba.

Usta Ramzi ya faɗo cikin maganar, ya ce a ƙona littattafan mana, shi da kansa zai bi kanti-kanti ya kwashe. Muryar ta yi wata 'yar dariya marar daɗi, ta ce sannu Usta, in ya gama da takarda sai ya bi bakin yaran Masar ɗaya bayan ɗaya da sukudirebansa. Shehi Hindawi ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Ya ce ya san ayar da ke fitar da aljani daga jiki, amma bai san wadda ke fitar da waƙa daga bakin yaro ba.

"Ni na sani," in ji Wafiyya.

Muryarta babu hawa babu sauka, kamar mai karanta takardar wutar lantarki. Ta ce akwai wasiƙa a aljihun teburinta, ta uku ke nan, daga masu haɗa littafin karatu na 'yan aji uku. Suna son su sa layukan a ciki. Sau biyu tana mayar musu da amsa mai zafi, don ta san abin da ke faruwa da waƙa in ta shiga wannan littafin. Za a sa mata lamba. Za a jera tambayoyi a ƙasanta. Za a ce a haddace kafin Alhamis, wanda ya kasa ya tsaya fuskarsa a bango. Ta ce shekara ashirin da shida tana zama a ƙofar makaranta, ba ta taɓa jin yaro ya rera abin da aka ba shi maki a kansa ba.

"A ba ni zuwa jarrabawar tsakiyar shekara," ta ce. "Babu wanda zai ƙara rera ta."

Shehi ya dube ta ya ce, 'yata, kin san abin da kike bayarwa? Ta ce ba nata ba ne da ma.

Aka daɗe ana ja. Aljanar ta ce za ta zauna a jikin har a gani, Shehi ya ce a'a, yau za ta fita, ko ya ci gaba da karatu daga inda ya tsaya, kuma shi ba ya gajiya, hawan bene kawai ke ba shi wuya. A ƙarshe ta yi rantsuwa da Wanda ya halicce su duka biyu. Ta ce in an gama jarrabawa ɗanta bai dawo ba, to za ta komo, kuma ranar ba za ta yi magana da kowa ba. Shehi ya ce ta fita ta ƙaramin yatsan ƙafar hagu, ban da ido, ban da kunne. Yatsan ya karkaɗa sau biyu ya tsaya. Shuruk ta buɗe ido ta ce, Mama, wa ya sa mini wannan mayafin mai warin kafur?

A daren Wafiyya ta sa hannu a wasiƙar. Usta Ramzi ya kai ta gidan waya da safe, da gwiwar tasa.

Littafin ya fito da buɗe makarantu. Darasi na sha ɗaya. An cire ɗan akuyan, an sa hoton wata mata mai nuna agogo. A ƙasa: Fitar da aikatau uku. Me muka koya game da biyayya ga iyaye? Haddace. Wafiyya ta koma tashar tarago tana ƙirga. A makon farko ta ji waƙar sau tara a yini. Bayan wata guda sau huɗu, biyu daga ciki manya ne. Da sanyi ya shigo, wata uwa ta fara rerawa daga baranda, ɗanta ya toshe kunne daga titi ya ce don Allah Mama ki bari, mun yi ta yau sau ashirin. Ana saura kwana shida jarrabawa ta yini a tashar cikin yayyafi, ba ta rubuta komai ba.

Ranar da magariba Shuruk tana wanke kwanuka, ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ya dawo." Uwar ta ce wa? Ta ce ita ba ta yi magana ba, a miƙo mata sabulu.

Bayan hutu wata makaranta ta gayyaci Abla Wafiyya ranar karatu. Aka jera 'yan aji uku a tsakar makaranta, malama ta buga sanda a ƙasa, suka karanto layukan uku da murya ɗaya, a miƙe, babu kari, idanunsu na kan ƙofar fita. Aka tafa. Ana watsewa wata 'yar ƙarama mai wushirya da kitso biyu ta tsaya a gabanta, ta ƙare mata kallo daga takalmi har gilashi.

"Abla, ke ce kika yi darasi na sha ɗaya?"

Wafiyya ta ce ita ce.

"Saboda ke aka hana ni fita tara har sau biyu." Sannan ta ce, "Kina da wasu kuma?"

"Babu irinta."

"Alhamdu lillahi," in ji yarinyar, ta ruga ta bi ƙawayenta.