Baƙon Lalla daga Dannet

Ranar da Fatahu ya fara ganin Lalla, kanta a sunkuye yake kan littafi, kunya ta hana ta ɗagowa. Shi ɗan Damagaram ne, yana koya wa manya karatun Hausa bayan la'asar a Arlit. Ita kuwa asalinsu Dannet ne, da yaren Tamajak ta buɗe baki, Hausar kasuwa kaɗai take ji.

An ce ta karanta, ta zo kan kalmar "fatake" ta cije. 'Yan aji suka fara gumtse dariya.

"Kada kalma ɗaya ta tsayar da ke," in ji Fatahu a hankali. "Tambayi maƙwabtanta. Su wa ke ɗora kaya kan raƙuma su tafi sayen gishiri?"

"Masu ayari," ta ce. "Irin kakana."

Ta ɗago ido. Daga nan alli ya suɓuce masa.

Ba a jima ba saƙonni suka fara kai da kawo. Yana ce mata Tauraruwa, tana ce masa Mushena, wato malamina. Sai dai mahaifinta, Amastan, ya ce ba ya ba da 'ya ga wanda bai san tushensa ba. Hankalinsa ya fi kwanciya da Isma'il, ɗan ƙanensa, wanda ya dawo daga haƙar zinariya a Cibarakaten da sabuwar mota.

Ana cikin haka, wata safiya saƙo ya shigo salular Fatahu:

"Mushena, baƙona ya zo daga Dannet. Ya kawo mini cuku, ya yi mini kitso. Ina son shi fiye da kowa. Baba ba ya tsallake maganarshi."

Idon Fatahu ya rufe. Isma'il kawai yake gani. Ya rubuta:

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Kada ki ƙara zuwa ajina."

Ba ta amsa ba, ba ta kuma sake zuwa ba. Kujerarta ta zauna wayam, shi kuma abinci ya daina shiga.

Ran nan a kasuwa ya hango ta wajen masu tumatir, tana riƙe da hannun wata tsohuwa. Ya so ya kauce, ta tare shi.

"Mushe," ta ce, "ga baƙon nawa. Kakata Mina, uwar Baba. Ni na kira shi ya roƙa mana."

Sai a lokacin ya tuna Lalla ba ta raba "ya" da "ta". Wane namiji ne zai yi mata kitso? Wane yaro ne Amastan ba ya tsallake maganarsa? Komai na cikin saƙon, kishi ya hana shi gani. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Nan gaban jama'a ya durƙusa.

"Kaka, na yi wa jikarki mummunan zato. Ban cancanci ko kallonta ba. Tauraruwa, ki yafe mini."

"Ka kore ni kamar akuya," in ji Lalla, tana share ido. "Na yi kuka har na gaji."



Tsohuwa ta daɗe tana dubansa, sannan ta yi magana da Tamajak. Lalla ta juya masa da Hausa cikin jin nauyi: "Wai namijin da ya san kunya haka, ba zai wulaƙanta mace ba. Wai ka tashi, kana tara mana mutane."

Kaka Mina ce ta zaunar da ɗanta. Amastan ya aika Damagaram aka yi bincike, labari ya dawo mai daɗi. Bayan Babbar Salla aka ɗaura aure, Isma'il ma da motarsa aka kai amarya.

Da Fatahu ya je gaisuwar surukai, har lokacin bai iya haɗa ido da kowa ba. Amastan ya zuba shayi, ya miƙa masa da hannunsa.

"Sha, ɗana. Allah ya sa albarka, ya ba ku zuri'a ta gari."

Daga bayan labule, Lalla ta ce, "Amin."