Aizirek da Shayin Baƙo

A garin Naryn na ƙasar Kirgistan akwai wata yarinya mai suna Aizirek, 'yar aji biyar. Mahaifinta direban babbar mota ne, yana kai kaya Kashgar a ƙasar Sin.

Wata rana malamarsu ta ce kowa ya yi bincike a kan al'adun Sinawa. Aikin da ya yi kyau za a nuna wa iyaye ranar bikin makaranta.

Aizirek ta cika takarda da sunayen abubuwa: Babbar Ganuwa, jiragen ƙasa, rubutu, abinci, raye-raye.

Malama ta ce, "Wannan ya yi yawa, 'yata. Zaɓi guda ɗaya."

"Ejeke, zan iya duka," in ji Aizirek. Ejeke ake kiran malama a yarensu.

Ranar gwaji aka ba kowa minti biyar. Aizirek ta yi ta sauri, ta taɓa nan ta taɓa can. Da aka tambaye ta dalilin gina ganuwar, sai ta yi tsuru-tsuru.

Wani ɗan ajinsu, Bektur, ya ce, "Lallai 'yar direba. Kin wuce kowane gari ba ki taka birki ba."

Aji ya fashe da dariya. Malama ta tsawatar, ta ba ta mako ɗaya ta gyara.

A gida tana zuba wa mahaifinta shayi, idonta jajir. Ya ji labarin, ya shafa kanta.

"Shekara goma sha biyu ina bin hanyar nan, gari ɗaya kawai na sani sosai. Ke me kike son sani tsakani da Allah?"

Ta dubi kofin da ta zuba masa rabi, kamar yadda aka saba a ƙasarsu.

"Ata," ta ce, wato Baba, "Sinawa ma ba sa cika wa baƙo kofi?"

"Abokina Malam Guo bai taɓa cika mini ba. Kuma kin ga ban taɓa tambayarsa ba. Kawo wayata."

Da suka kira Malam Guo suka tambaye shi, sai ya yi dariya. Ya ce a gidansu ba a cikawa, don kada kofin ya ƙona hannun baƙo. Aizirek ta rubuta. Ta tambayi kakarta dalilin tasu al'adar, ta karanta littafi biyu a kan shayi kaɗai.

Ranar biki ta zuba wa iyaye shayi, ta amsa kowace tambaya a natse. Har Bektur ya miƙo kofi a ƙara masa.

Malama ta rungume ta, ta ce, "Yara, in za ku yi bincike, ku ɗauki tambaya ɗaya ku san ta sosai. Ya fi ku kwaso da yawa ku tashi ba ku san komai ba."